Sawu Ɗaya a Gonar Ɗorawa

Litinin, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Na tsinci wannan littafin a ƙasan akwati, ragowar na makaranta ne. Rabinsa cike yake da darasin da ban taɓa ganewa ba, sauran rabin zan cika shi da abin da shi ma ban gane ba. Tun da ba wanda zan faɗa wa a gidan nan, bari in faɗa wa takarda, ita ba ta kai gulma bakin rijiya.

Awaisu. To, na rubuta. Da baki ba na kiran sunan mijina, amma a nan ba mai ji na.

Tun kafin azumi aka sallame shi daga soja ya dawo mana garinmu Ƙarfi. Su biyu suka tafi yaƙin gabas, shi da Yaya Rabe, wana uwa ɗaya uba ɗaya, abokinsa tun suna kiwon awaki. Ɗaya ya dawo. An ce mu yi haƙuri, mun yi. Shi kuwa ƙafa biyu, hannu biyu, ko ƙwarzane babu, mutane sai barka da arziki suke yi mini. Ni da nake kai masa ruwan wanka na san ba duka ya dawo ba.

Hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa. Kowa ya gama sharar gona. Tamu, wadda ke gindin ɗorawa, ni da surukata Inna Tsohuwa muka share ta muka watsa taki. Shi bai taka ta ba.

Laraba, 10 ga Mayu, da hantsi

Ya ci tuwo. Bai yi magana ba.

Alhamis, 11 ga Mayu, bayan azahar

Na leƙa ta katanga ina kallonsa yana tafiya masallaci. Ba ya taka ko'ina sai inda ƙasa ta yi tauri, inda mutane suka saba bi. Idonsa a ƙasa kamar mai neman allura. Ya iso inda yara suka tona rami suna wasa, ya tsaya, ya daɗe, sannan ya zagaye ta bayan gidan liman.

Wannan fa shi ne mutumin da ba wanda ya kai shi sungumi a unguwar nan. A gonar Babanmu na fara sonsa, ranar wata shuka. Yana gaba, kowane taku da sara ɗaya, ko waiwaye ba ya yi, yana waƙa da muryar da ko jaki ba zai yi alfahari da ita ba. Ni ina bayansa da ƙoƙon iri, in zuba a rami in rufe da diddige. Rabin dawar a waje na zubar. Yaya Rabe ya ɗago ya ce, "Laure, rami ake kallo, ba ƙeyar mutane ba." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin kaka ta zo Yaya ya riga ya kai maganar wurin Baba.

Yau sungumin yana jingine bayan rumbu, gizo-gizo ya yi masa gida.

Asabar, 13 ga Mayu, da yamma

Hannuna na ciwo. Faɗuwa na yi a tsakar gida. Haka na faɗa wa Inna.

Lahadi, 14 ga Mayu, da hantsi

Tani ta shigo karɓar wuta. Bamagujiya ce, gidansu na bayan gonarmu, mace ce mai noma gayaunarta da kanta, kuma bakinta ba shi da linzami. Ta kama hannuna ta juya shi, ta ce, "Ke amarya, wace irin ƙasa ce a gidanku mai yatsu biyar?"

Ita na gaya wa. Kaji ne suka tona rami a bakin madafa, na ɗebo sabuwar ƙasa na cike. Ya fito daga ɗaki daidai lokacin da na ɗaga ƙafa zan daddaɓe wurin. Ban san mutum na iya tsalle haka ba. Sai dai na ji ni a ƙasa, shi a kaina, ya rufe ni da jikinsa gaba ɗaya, yana kiran suna. Ba nawa ba ne, amma na gidanmu ne.

Da Tani za ta fita ta ce, "Wannan ai ba duka ba ne, ceto ne. Sai dai ba abin da za a cece ki daga gare shi."

Tun ranar bai yarda ya haɗa ido da ni ba. Wannan ya fi hannun ciwo.

Talata, 16 ga Mayu, bayan la'asar

Bature, wan mijina, ya zo ya tsaya a zaure yana magana da ƙarfi don mu ji daga ciki. Wai damina ba ta jiran soja. Wai a gari ana cewa wanda ya riƙe bindiga ya fi ƙarfin fartanya. In ba za a shuka gonar ba gara a ba wani aro, kada takin ya tafi a banza.

Inna ta sa an kawo rubutu, ya sha. Ya sha na satin jiya ma. Ba na raina rubutu, amma na gaji da wanke ƙoƙo.

Juma'a, 19 ga Mayu, bayan asuba

Ruwa ya sauka, mai yawa. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin har na ji hawaye ya zo mini ban san dalili ba. Kowa a unguwa yana ta fito da iri. Shi yana zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa.

Asabar, 20 ga Mayu, bayan magariba

Allah Ya isa tsakanina da dabarar Bature.

Tun da safe ya zo da samari da mai gangar noma. A ganinsa ba abin da ke damun ƙanensa sai sanyin jiki, kuma maganin sanyin jikin manomi kiɗa ne da kirari. Suka ciro sungumi daga bayan rumbu, suka danƙa masa, suka tasa shi gaba har bakin gona. Bai ƙi ba, ba ya musu da wansa. Ni da Inna muka bi su a baya da ƙoƙon iri, kuma ba zan ɓoye ba, na sa rai.

Makaɗi ya saki ganga, yana kiran sunan kakan mijina, yana tuna masa shekarar da ya gama gonar nan kafin rana ta take. Mutane sun tsaya a gonakinsu suna kallo. Mijina ya ɗaga sungumin sama. Ya tsaya a haka. Na ga gumi yana zuba ta haɓarsa, idonsa a kan ƙasar nan mai taushi da ke gabansa. Ganga tana ƙara zafi. Can sai ya sauke sungumin a hankali, kamar mai ajiye jariri, ya fara ja da baya yana sa ƙafa a inda ya riga ya taka. Haka ya yi har bakin hanya, ya zauna ya dafe kai.

Wani ya yi dariya. Na san muryarsa, kuma ba zan manta ba.

Bature ya ce samari su shiga su shuke ta kawai. Ni, da ban taɓa ɗaga masa murya ba, na ce a'a. Gonar marayu ake yi wa haka, mijina kuwa yana da rai. Na roƙe shi ya bar mu zuwa ruwa na gaba. Ya ce na gaba ne kawai, ya kwashe mutanensa.

Litinin, 22 ga Mayu, da yamma

Baba ya aiko a kira ni. Labarin gona ya riga ni isa, na hannu ma haka. Ya sa na ɗaga mayafi ya gani. Na fara cewa faɗuwa na yi, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Lauratu, na ba da ɗa, ba zan ba da 'ya ba. Ɗakin uwarki yana nan. Ki kwaso kayanki, in ya warke a yi magana."

Na ce, "Baba, in na taho wa zai zauna da shi ya warke?"

Ya tsufa a 'yan watannin nan. Hular Yaya tana rataye a ƙusar zaure inda ya bar ta, ba wanda ya taɓa. Ban kalle ta ba. Na dai san tana nan.

Na dawo gidana kafin magariba.

Talata, 23 ga Mayu

Bai ci ba. Ba ruwa.

Laraba, 24 ga Mayu, bayan azahar

Yau ya yi magana, wadda ta fi kowace tsawo tun dawowarsa, kuma da ma bai yi ba.

Ina tankaɗe ya zo ya tsaya nesa da ni. Ya ce wani da suka yi aiki tare ya samo masa gadi a wurin gurzar auduga a Funtua, farkon wata zai fara. Ya ce can ko'ina siminti ne. Sannan ya ce, yana kallon bango, "Laure, zan sauwaƙe miki kafin in tafi. Baba yana da gaskiya. Wancan karon hannu ne, ban san na gaba ba."

Na ajiye rariya. Na ce, "Maigida, na jira ka kana inda ba waya ba labari, na jira ka ana shigowa da gawa gari, sai yanzu da kake cin tuwona za ka ce ka sauwaƙe mini? Wa ya ce maka nauyi nake ji?"

Ya ce, "Ni nake ji."

Ina son mutumin nan, kuma yau da na sami muciya a kusa da na kwaɗa masa. Duka biyun gaskiya ne.

Juma'a, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Na matsa masa mun je asibiti a Malumfashi. Na ce ko sakin zai yi, ya yi mini wannan tukuna. Likitar mace ce, ba ta yi gaggawa ba. Ta ce ba hauka ba ne, ba iska ba ne, ba shi kaɗai ya dawo da irin wannan ba. Ta ba shi magani, ta ce ya riƙa dawowa suna magana. Ya ce to, irin to ɗin da yake ce wa Bature.

Amma ba wannan na zauna rubutawa ba.

An yi yayyafi muna hanya, wanda bai isa shuka ba. Da muka sauka daga mota muka biyo 'yar hanyar da ke ratsa gonaki, wadda ba ya yarda ya bi. Haushi ya sa na wuce gaba ban ko tuna ba. Sai da muka kusa gida na juyo in ga ko yana biye. Yana biye. Na kalli hanyar da muka baro, ƙasa a jiƙe, kuma sawu ɗaya ne a kanta. Mu biyu muka taho, sawu ɗaya. Yana sa ƙatuwar ƙafarsa daidai inda na cire tawa, yana gajarta taku kamar mai ɗaure da zane. Ya ratso gonaki har uku bai tsaya ba.

Ban nuna masa na lura ba.

Asabar, 27 ga Mayu, da yamma

Na je wurin Tani na ce ta koya mini sungumi. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Matan Musulmi sun fara shiga sana'armu, sai mu koma zaman ɗaki mu sa lalle." Amma ta ɗauko nata ta ba ni. Ta ce ba ƙarfi ake sawa ba, nauyinsa ake bari ya faɗi, ƙafa ta tafi, hannu ya bi. Na sara, na sara, rami ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Ta ce layina ya yi kama da hanyar maciji, amma dawa ba ta san layi ba.

Tafin hannuna ya yi bororo. Wannan ciwon ni na nemo shi, ina jin daɗinsa.

Lahadi, 28 ga Mayu, bayan la'asar

Na gaya masa. Na ce in ruwa ya sauka ni zan shiga gaba da sungumi, shi ya biyo sawuna da iri. Na zaci kunya za ta hana shi, a ce namiji yana bin mace da ƙoƙo. Ashe ba nan take ba.

Ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ba za ki shiga gabana ba. Ba wanda zai ƙara shiga gabana." Na ce ai shekaranjiya na shiga. Ya ce bai lura ba sai da muka iso, kuma tun ranar bai runtsa ba.

Sai ya faɗa. Ban tambaye shi ba, ban taɓa tambayarsa ba. Ya ce a can in za a bi hanyar da ba a yarda da ita ba saboda bam ɗin da ake binnewa a ƙasa, layi ɗaya ake yi, kowa ya taka inda na gabansa ya taka. Ranar shi ne da shiga gaba. Yaya ya jawo shi ta wuyan riga, yana dariya, ya ce, "Koma baya, kai ƙanwata na jiranka. Ni wa na ajiye?"

Iya abin da ya faɗa ke nan. Sauran ban so ji ba, shi ma bai iya faɗa ba.

Litinin, 29 ga Mayu

Ba zan rubuta komai ba yau.

Talata, 30 ga Mayu, da hantsi

Na ƙona miya. Inna ta ci a haka.

Ina fushi da Yaya. Mutum ya mutu kana fushi da shi, Allah Ya gafarta mini. Wa ya aike shi? Kullum haka yake, shi ne mai yanke mini abin da ya dace da ni, tun daga takalmin sallah har miji. Wannan karon ma bai tambaye ni ba. Da ya tambaye ni me zan ce? Na yi ta juya wannan tun shekaranjiya, ban sami amsa ba, kuma ba na so in samu.

Sai yau na yi masa kukan da ban yi ba ranar da aka zo da labari. A bayan rumbu na yi, kusa da sungumi. Da na fito na tarar an ajiye mini buta cike da ruwa a bakin ƙofa. Inna tana maƙwabta a lokacin.

Ya haɗa jakarsa. Jibi wata zai kama.

Laraba, 31 ga Mayu, bayan magariba

Gabas ta yi baƙi. Iska ta taso. Ya Allah.

Alhamis, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Ruwa ya kwana yana zuba.

Da gari ya waye na auno dawa a ƙoƙo na ɗora a kan jakarsa. Yana zaune da takalmi a ƙafa. Na ce, "Motar Funtua tana bakin titi, gona tana gindin ɗorawa. Yaya bai koma da kai baya don ka je ka yi gadin siminti ba. Ni na tafi." Na saɓa sungumi na fita, ban waiwaya ba.

A bakin gona na yi bisimilla na sara. Na gama layin farko ni kaɗai, ramuka a buɗe a bayana ba mai rufe su. Tani ta ɗago daga gayaunarta ta kalle ni, ta mayar da kai. Na juyo na kama na biyu. A nan na gan shi, tsaye a bakin hanya, ƙoƙo a hannu, fuskarsa kamar ta mai zazzaɓi.

Ya ce, "Laure, fito. Don Allah fito."

Na ce, "Ba abin da ke cikin ƙasar nan sai takin da na zuba da hannuna. Ni na share ta, na san ta. In kana so in fito, zo ka fitar da ni."

Na juya masa baya na ci gaba. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Sara nake yi ina hawaye, ina cewa a raina shi ke nan, ya tafi. Can sai na ji numfashi a bayana, mai nauyi, kamar na wanda ya yi gudu. Na jira a fizge ni. Ba a fizge ni ba. Sai na ji 'yar ƙarar tsaba ta faɗa rami, sannan diddige ya ja ƙasa.

Ban waiwaya ba. Rami ake kallo.

Sau biyu ya tsaya ya durƙusa, na tsaya ina jira ba tare da na juyo ba, har ya miƙe. Mutane sun wuce sun ga mace a gaba namiji a baya da ƙoƙo. Za a yi maganarmu har kaka, ko a jikina. Bature ya zo ya tsaya a gindin ɗorawa ya daɗe, sannan ya tafi. Ba mu gama ba sai gobe.

Ya ci tuwo, ya nemi ƙari.

Litinin, 5 ga Yuni, da hantsi

Jiya ba daɗi. Tayar wata mota ta fashe a titi, ya wuni a ɗaki. Jakar tana nan a bakin ƙofa, bai kwance ta ba, bai kuma ɗauke ta ba. Maganar saki bai sake tayar da ita ba. Ranar Juma'a za mu koma wurin likita, shi ya tuna mini.

Na je gida na ɗauko hular Yaya na wanke. Baba ya gan ni bai hana ba.

Asabar, 10 ga Yuni, bayan asuba

Dawa ta tsiro. Na je ni kaɗai in gani. Layukan nan sun karkace yadda Tani ta faɗa, wani ramin tsiro cunkus inda hannunsa ya yi rawa, wani ba ko ɗaya. Tazararsu gajera ce, daidai takuna.

A can ƙarshe, bayan ɗorawa, akwai kusurwar da na bari saboda na gaji. Na tarar da ɗan layi a wurin, gajere, bai kai tsawon zaure ba. Tsironsa ƙanana ne, jiya ko shekaranjiya suka leƙo. A miƙe yake sak. Na sa ƙafa a ramin farko na miƙa ɗayar, ban kai na biyu ba. Takun namiji ne. Ba sawuna a wurin, ba na kowa, sai nasa.

Na zauna a ƙasa na daɗe.

Ba zan ce masa na gani ba. Zan dai sa man shanu a tuwon yau.